Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumar NNRA: dan Allah ku zo ku auna iskar ɗakunanmu a hunturun bana

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe shugaban hukumar da ke sa ido kan harkokin nukiliya ta ƙasa, wato NNRA, tare da ma'aikatanka, da kuma masu girma kwamishinonin lafiya na Kano da Filato da Bauchi da Kaduna idan Allah ya sa rubutun nan ya iso gabanku. Ina muku fatan alheri, Allah ya taya ku riƙo.

Ni malamin makaranta ne, kimiyya nake koyarwa a ƙaramar sakandare, kuma haifaffen wani ƙauye ne a gindin duwatsun Riruwai, ƙaramar hukumar Doguwa a kudancin Kano. Abu ɗaya ne ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu, so nake a zo a auna iskar radon a cikin ɗakunan da muke kwana, kuma a dawo a faɗa mana abin da aka gani da Hausa, gida gida. Iyakar buƙatar kenan, sauran bayanin duk dalili ne.

Na san ku kun san radon fiye da ni nesa ba kusa ba, amma tunda 'yan uwana ma za su karanta bari in faɗa yadda nake faɗa wa ɗalibaina. A cikin dutse da ƙasa akwai ɗan yuraniyom, ko'ina akwai shi a duniya sai dai wani wurin ya fi wani, shi yuraniyom ɗin nan a hankali yake rikiɗa yana komawa wani abu daban har ya zama radiyom, shi kuma radiyom ya haifi radon, to ita radon iska ce, tana bin tsagar ƙasa ta fito sama. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari ko yaji a ido, mutum zai shekara arba'in yana shaƙarta bai taɓa jin komai ba. In a fili ta fito iska ta kwashe ta shikenan, abin da ake samu a waje bai wuce bekarel 5 zuwa 15 a kowane kyubik mita na iska ba, bekarel ɗin shi ne mudun da ake auna ta da shi. Matsalar tana farawa ne in ta fito a cikin ɗaki rufaffe ta rasa hanyar fita, sai ta taru, kuma cikin kwana 3.8 rabinta ya farfashe ya koma wasu 'yan mitsi-mitsin burbushi masu maƙalewa a ƙura, mu shaƙa su zauna a huhu suna ta harbin naman wurin a hankali, shekara da shekaru, har wata rana abin ya zama kansa.

Hukumar lafiya ta duniya WHO ta ce radon ce ke jawo kashi 3 zuwa 14 cikin 100 na kansar huhu, ya danganta da ƙasa, kuma in aka cire taba tana sahun gaba cikin masu jawo ta. Tun 1988 cibiyar binciken kansa ta duniya ta sa ta a jerin abubuwan da aka tabbatar suna sa wa ɗan adam kansa. A 2009 WHO ta ba da shawara kada ɗakin zama ya wuce bekarel 100, in ƙasa ba za ta iya riƙe wannan ba to kada dai a haura 300. Kuma duk ƙarin bekarel 100 da mutum ya daɗe yana zaune a ciki, haɗarin yana ƙaruwa da kusan kashi 16 cikin 100.

To yanzu ku dubi inda muke zaune. Duwatsun da suka kewaye mu giranayit ne, kuma sanannen abu ne giranayit ya fi yawancin duwatsu ɗauke da yuraniyom. Masana duwatsu sun sa namu na Riruwai a dangi ɗaya da na Jos da Bukuru da na wajen Ningi, layin ya miƙe ta Damagaram har tsaunukan Ayar a Nijar, shi ya sa ma ake samun kuza da kwalambait a wurarenmu tun zamanin Turawa. Kakanninmu sun yi aikin kuza, iyayenmu sun yi, har gobe samari suna shiga rami. Yashin da ake bari bayan an wanke kuza kuwa, binciken da aka yi ta yi a Filato ya nuna yana ɗauke da ma'adinai masu yuraniyom da ɗan uwansa toriyom, kuma wallahi wannan yashin mutane suna kwasa su yi shafe da shi, su buga bulo, su zuba a tsakar gida saboda yana da laushi kuma a banza yake, ba sai ka biya tifa ba. Wanda bai sani ba ai ba za ka ga laifinsa ba.

Bari in kwatanta muku ɗakin baffana, Allah ya jiƙansa, don irinsa ne ɗakunan yawancin dattawanmu. Ɗakin ƙasa ne rufin azara, taga guda ɗaya ce can sama kuma girmanta bai wuce allon karatu ba, da sanyi ya fara shigowa wajen watan Nuwamba zai sa yara su cusa mata tsohon buhu a toshe ta tam, ba za a cire ba sai zafi ya kama. Ƙasan ɗakin daɓe ne wanda ya tsattsage, akwai wata tsaga daga bakin ƙofa har gindin bango wadda tururuwa ke fitowa ta ciki, a kan wannan daɓen yake shimfiɗa tabarma da buzu ya kwanta, hancinsa bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba. Bayan isha'i a shigo masa da kaskon rushi, a ja ƙyaure, a sa tsumma a toshe ƙasan ƙofar saboda iskar hunturu, shikenan sai asuba. Duk wanda ya san sanyin Riruwai a watan Disamba da Janairu ba zai ce don me ba. Amma da na zo na karanta yadda radon ke shiga gida sai jikina ya yi sanyi, domin ɗakin da ya fi waje ɗumi zuƙo iskar ƙasa yake yi ta cikin tsagogin nan kamar yadda ake zuƙar kunu da tsinke, ga shi an toshe duk inda za ta fita. Wato duk dabarar da muke yi don mu tsira daga sanyi ita ce dai dabarar tara wannan iska.

Baffa ya yi tari na wata da watanni, aka ce tarin fuka ne, ya sha magani wata shida cur bai fasa ko rana ɗaya ba, ni nake karɓo masa wani lokacin, amma sai rama yake yi, daga baya da muka kai shi babban asibiti aka yi hoto aka ɗebi tsoka aka ce kansar huhu ce kuma ta yi nisa. Mutumin da bai taɓa sa taba a bakinsa ba. Ban zo in ɗora wa radon mutuwarsa ba, ya shaƙi ƙurar rami da ƙuruciya, ya shaƙi hayaƙin itace da na gawayi, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Abin da ke ci mini rai shi ne har yau ƙanina da matarsa da 'ya'yansu uku a wannan ɗakin suke kwana, har zuwa 'yan kwanakin nan tsagar tana nan, buhun yana nan a taga, kuma babu wanda ya taɓa auna iskar ciki.

Kuma fa awon ba wani abu ne mai wahala ba, wannan shi ne abin da ya fi ba ni takaici. Wani ɗan gwangwanin roba ne kamar na man zafi, ba batir ba waya ba a jona shi da wuta, a cikinsa akwai ɗan ɓallin roba da ake kira CR-39, duk lokacin da radon ta farfashe a ciki sai ta bar ɗan tabo a jikin ɓallin. A rataye shi a ɗakin kwana nesa da taga da murhu, a ɗan ɗaga shi daga ƙasa inda yara ba za su kai ba, a bar shi wata uku, sannan a kwashe a kai ɗakin gwaji a jiƙa ɓallin a ruwan soda mai zafi, tabon ya fito, a ƙirga da madubin likita, lissafi ya nuna bekarel nawa ne a ɗakin. Dole sai an bar shi ya daɗe saboda radon hawa take tana sauka, ta dare daban ta rana daban, ta damina daban ta hunturu daban, wanda ya zo da na'ura ya tsaya minti goma da rana tsaka ƙofa a buɗe bai auna komai ba. Kuma ba a cewa an auna gidan mai unguwa don haka an san na kowa, gida biyu katanga ɗaya na iya bambanta ninki ba ninki, ya danganta da tsagar da ke ƙarƙashin kowanne da yadda aka gina shi.

Akwai wani abu da nake roƙon masananku su sa a lissafi tunda gidajenmu na ƙasa ne. Radon tana da 'yar uwa da ake kira toron, ita daga toriyom take fitowa, rayuwarta gajera ce ƙwarai, cikin ƙasa da minti ɗaya rabinta ya ƙare, saboda haka a gidan siminti mai fenti ba a cika damuwa da ita ba, amma a ɗakin da bangonsa jar ƙasa ce tsirara daga jikin bangon take fitowa kai tsaye, mu kuma jikin bango muke kai shimfiɗa. A zo da irin gwangwanin nan mai tagwaye wanda ke raba radon da toron, don kada a auna mu da ma'aunin gidajen Abuja.

Yadda Amurka ta farga da wannan matsala ma abin lura ne. A ƙarshen 1984 wani injiniya mai suna Stanley Watras da ke aiki a tashar nukiliya ta Limerick a jihar Pensilbeniya, ƙararrawar gane tiririn nukiliya, wato irin harbin da su yuraniyom da radon ke yi, ta dinga kaɗawa a kansa yana shigowa aiki da safe, tun bai taɓa komai a tashar ba, da aka bi diddigi sai aka tarar daga gidansa yake kwaso abin, iskar gidan ta kai wajen bekarel 100,000. Da ba a irin wannan wurin yake aiki ba da haka zai ci gaba da zama da iyalinsa. Yanzu hukumar muhallinsu tana ƙiyasin radon na kashe musu mutum kusan 21,000 duk shekara, suna ce wa kowa ya auna gidansa, in ya kai wajen bekarel 148 a gyara, mutum ta gidan waya ma ake aiko masa da gwangwanin ya mayar. Mu manomin Doguwa wace ƙararrawa ce za ta kaɗa a kansa? A ina zai sayi gwangwanin, in ya saya wa zai karanta masa?

Mu nan arewa mun riga mun ga abin da gubar da ido ba ya gani take yi. A 2010 a Zamfara yara sama da 400 suka rasu saboda gubar dalma, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, iyaye suna daka dutsen zinare a tsakar gida da turmin da suke daka hatsi, sai da ƙananan kaburbura suka yi yawa sannan likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Haka a Nijar, a 2009 masu bincike na ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace sun auna titunan Akokan kusa da Arlit suka samu wuraren da tiririn ya ninka na al'ada har sau 500, saboda tarkacen dutsen ma'adinai da aka yi ciko da shi. Ita radon ta ma fi dalma iya ɓuya, don ba ta kashe yara goma a mako ɗaya balle hankali ya tashi a kira 'yan jarida, ɗaya bayan ɗaya take ɗauka cikin shekaru, dattijo ya yi ta tari a ce sanyi ne ko tarin fuka ko sammu, a binne shi a dawo a ci gaba da kwana a ɗakinsa.

Kada kuma 'yan uwana su karanta wannan su firgita su ce za su bar gidajen gado, a'a. Lissafin da aka yi a Turai ya nuna cikin mutum 1000 da ba sa shan taba, wajen 4 ne za su kamu da kansar huhu kafin shekara 75 ko da babu radon sam, in suna zaune a bekarel 100 su zama 5, a bekarel 400 su zama 7. Amma ga masu shan taba lissafin ya tashi daga 100 zuwa 120 zuwa 160. Kun ga kenan wanda ya haɗa taba da ɗaki mai radon shi ne ya fi kowa shiga uku, kuma samarinmu masu shiga rami da yawansu suna busawa, ga radon ta cikin ramin ita ma, don tun asali a jikin masu haƙar ma'adinai aka fara gane cutar. Ni da nake tsayawa gaban ɗalibai ina so in riƙa faɗa musu wannan da lambar ƙauyensu a hannuna, ba da lambar Turai ba.

Wani abu da ya taɓa faruwa da mu shi ya sa nake ta nanata a dawo a faɗa mana. Shekarun baya wasu ɗalibai daga wata jami'a sun zo da motarsu, suka gaida dagaci, aka haɗa su da yara suka zaga da su rijiya rijiya, suna ɗiban ruwa a 'yan kwalabe suna liƙa takarda, sun ɗebi ƙasa a bakin tsohon rami, har gidanmu sun shiga mahaifiyata ta dama musu fura. Da za su tafi suka ce za a ji daga gare su. Har yau shiru kake ji. Ina kyautata zaton sun rubuta abinsu sun samu digiri, Allah ya sa albarka, amma matar da aka ɗebi ruwan rijiyarta tana nan tana sha tana wanka da shi a banɗaki rufaffe, ba a ce mata yana da kyau ba ba a ce mata ba shi da kyau ba. Irin wannan ne ke sa mutanen karkara su daina buɗe ƙofa, gobe in an zo da abin alheri ma su ce ba sa so. Sakamakon awon ɗakin mutum haƙƙinsa ne, a rubuta masa a 'yar takarda, a karanta masa, a ce Malam ɗakinka kaza ne, ga abin da za ka yi.

Kuma abin da za a yi ɗin yawanci bai fi ƙarfin talaka ba in an nuna masa. A fasa taga ta biyu a bangon da ke kallon ta farko don iska ta riƙa ratsawa, a sa mata raga saboda sauro, a daina toshe ta gaba ɗaya ko da sanyi, a buɗe ƙofa da hantsi ɗaki ya sha iska. A toshe tsagogin daɓe, wanda ya samu hali ya shimfiɗa leda mai kauri ya zuba siminti a kai, a yi wa bango shafe da yashi mai kyau, a ɗaga shimfiɗa a kan gado ko da na kara ne a ɗan janye shi daga jikin bango. Inda abin ya yi yawa sosai akwai dabarar binne bututu a ƙarƙashin daɓe a fitar da shi ta saman rufi ya riƙa zuƙe iskar ƙasan yana watsarwa a waje, maginanmu in an koya musu sau ɗaya sun iya. Mai sabon gini kuma a ce masa ya nisanci yashin wankin kuza. Amma fa ba za ka ce wa magidanci ya sayi siminti buhu huɗu a wannan tsadar ba alhali ba ka nuna masa cewa ɗakinsa na da matsala ba, wataƙila ma nasa lafiya lau yake, na maƙwabcinsa ne ke buƙata. Shi ya sa awo ne farko.

Ranka ya daɗe, dokar da ta kafa hukumarku tun 1995 take, kun fara aiki a 2001, kuma kare jama'a daga tiriri yana cikin abin da aka ɗora muku. Kuna da cibiyar bincike a Ibadan, ga cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Ahmadu Bello a Zariya nan kusa da mu, masana ba su yi mana ƙaranci ba. Hanyar shiga gidaje ma a shimfiɗe take, ƙasar da ta iya bin gida gida tana ɗiga wa yara maganin shan inna har rugar da mota ba ta zuwa, rataye gwangwani a ɗaki ba zai gagare ta ba. Ku bi ta hannun hakimi da dagatai da masu unguwanni, limamai su yi sanarwa ranar Juma'a, fastoci su yi ranar Lahadi a inda ake da su, a faɗa wa mutane ƙarara cewa abin nan ba kyamara ba ne ba ya ɗaukar magana, don wallahi sai an yi wannan tambayar. Ɗakunan mata kuma mata ma'aikatan lafiya su shiga, su ne ma suka fi mu daɗewa a cikin ɗaki, musamman mai jego da ke kwana arba'in ita da jariri ƙofa a rufe ga wuta a ƙarƙashin gado. Duba-gari su riƙe rajista, mu malaman makaranta mu taya su rubuta lamba da ranar da aka rataye da ranar da za a cire, ni na ɗauki nauyin na mazaɓarmu kyauta ba sai an ba ni ko sisi ba.

Ba sai kun fara da jiha guda ba, ku ɗauki ƙauyuka kaɗan a Riruwai, kaɗan a wajen Bukuru da Barikin Ladi, kaɗan a Toro, a haɗa gidan ƙasa da na bulo, wanda aka yi da yashin kuza da wanda ba a yi da shi ba. In an rataye a farkon Nuwamba a cire a farkon Fabrairu an kama lokacin da ɗakuna suka fi zama a rufe. Su kuma masu girma kwamishinoni, roƙona gare ku shi ne a ja hankalin ma'aikatan asibitocin karkara, mai tarin da ya sha maganin tarin fuka bai samu sauƙi ba a tura shi gaba da wuri, kada a sake maimaita masa wani wata shidan.

Na riga na yi magana da ƙanina, ya yarda a fara da ɗakin baffa. Na cire buhun tagar da hannuna na sa raga, matarsa tana ta ƙorafin sanyi na ƙara musu bargo ɗaya, tsagar daɓen kuma mun cike ta da siminti rabin buhu da ya rage daga gyaran masallaci. Akwai ƙusa a jikin azara ta uku daga ƙofa inda baffa yake rataye carbinsa, yara ba sa kaiwa, nan za mu rataye gwangwanin in kun aiko.

Wassalam, naku,
Wani malamin makaranta daga yankin Riruwai, jihar Kano.